Gidan Zuhudun Mata na Mar Girgis a Tsohuwar Alƙahira

Gidan zuhudun mata na Mar Girgis, wanda Misirawa ke kira Dairu Mar Girgis ko Dairul Banat, yana unguwar Misrul Ƙadima, wato Tsohuwar Alƙahira, a gabashin Kogin Nilu, kudu da tsakiyar birnin na yau. Na cocin Kibɗawa ne, Kiristocin asali na ƙasar Masar. Mazaunansa mata ne da suka haƙura da aure, suka bar gidan iyaye, suka keɓe kansu don ibada har ƙarshen rayuwa. Mai zuwa daga tashar jirgin ƙasa ta Mar Girgis sai ya bi wata matakala ya gangara cikin wani siririn lungu da ke can ƙasa da titi kafin ya iske ƙofar gidan. Ba haƙa lungun aka yi ba. Titi ne ya yi ta tashi, ƙarni bayan ƙarni, da tarin ƙasa da ɓaraguzan gini, ya bar tsofaffin gidaje a inda suke.

Filin da gidan yake kai ya girme shi nesa ba kusa ba. A cikin ganuwar sansanin sojan Rumawa yake, wanda ake kira Babila ta Masar, Larabawa kuma suka raɗa masa Ƙasrush Sham'i. Sarkin Rum Tarajan, wanda ya yi mulki daga 98 zuwa 117, ya sake haƙa wata tsohuwar hanyar ruwa da ta tashi daga nan ta haɗa Nilu da Bahar Maliya. Wajen shekara ta 300, Sarki Diyokiletiyan ya kewaye bakin hanyar ruwan da katanga mai kauri ta dutse da jan bulo, da manyan hasumiyoyi biyu masu siffar da'ira ta ɓangaren kogi. A wancan lokaci ruwan Nilu yana dukan gindin katangar. Yau kogin ya ja da baya zuwa yamma da ɗaruruwan mitoci, layin dogo ne ke ratsa inda jiragen ruwa suke tsayawa a da.

Zaman zuhudu irin na Kirista a Masar ya kafu, daga can ya bazu zuwa Sham da Turai, kuma mata suna cikinsa tun ranar farko. Antoniyos, wanda ya rasu a 356 kuma ake ɗaukarsa uban 'yan zuhudu, bai shiga daji ba sai da ya danƙa ƙanwarsa a hannun wasu 'yan mata masu zaman ibada, kamar yadda Atanasiyus na Iskandariya ya rubuta a tarihin rayuwarsa. Ke nan akwai matan da suka riga shi. Bakhumiyos, tsohon soja da ya tsara zaman jama'a a ƙarƙashin doka ɗaya a Tabannisi da ke kudancin ƙasar, ya bar gidaje tara na maza da biyu na mata, kuma 'yar'uwarsa Maryamu ce ta shugabanci na farko. Baladiyos, wanda ya zagaya Masar ya rubuta abin da ya gani wajen 420, ya ambaci gida ɗaya mai mata kusan 400, ya kuma ƙirga gidajen mata goma sha biyu a birnin Antinoye kaɗai. Littafin tarihin Shanuda, shugaban Farin Gidan Zuhudu kusa da Sohaj, ya ce maza 2,200 da mata 1,800 ne a ƙarƙashinsa.

Sai dai tun a wancan zamani hanyar maza da ta mata ta rabu. Maza sun kutsa cikin hamada, Wadin Naɗrun da duwatsun Bahar Maliya, daga baya suka kewaye kansu da ganuwa da hasumiyar tsaro. Mata ba su samu wannan dama ba. Suna buƙatar limamin coci, wanda dole namiji ne, ya zo ya yi musu babbar addu'a ya ba su jibi. Suna buƙatar kasuwa, da dangi, da mai tsaya musu. Don haka gidajensu ba su taɓa nisa da gari ba, kuma duk abin da ya sami gari ya same su. Wannan shi ne dalilin da ya sa tarihin zuhudun mata a Masar ya ƙare a lungunan babban birni.

Wanda aka sa wa gidan sunansa, Mar Girgis, shi ne Turawa ke kira Joj. A riwayar Kiristoci soja ne na Rumawa, ɗan asalin Kafadokiya a ƙasar Turkiyya ta yau, wanda aka kashe wajen 303 saboda ya ƙi yi wa gumaka yanka, a lokacin tsanantawar da Diyokiletiyan ya yi wa Kiristoci. Kabarinsa yana Ludda a Falasɗinu. Wannan tsanantawa ta yi wa Kibɗawa tabo mai zurfi, har suka fara ƙirga shekarunsu daga 284, shekarar da Diyokiletiyan ya hau mulki, suna kiranta shekarar shahidai. Mar Girgis kuwa suna ce masa Sarkin Shahidai, suna kuma riwaya cewa shekara bakwai aka yi ana gana masa azaba. Musulmi ma ba baƙon suna ba ne a wurinsu, domin Ɗabari ya kawo dogon labarin wani salihin bawa mai suna Jirjis a littafinsa na tarihi, kuma a Falasɗinu talakawa sukan haɗa shi da Halliru.

A 451 aka yi taron Kalsidon, inda malaman coci suka saɓa a kan yadda za a bayyana allahntaka da 'yan'adamtakar Almasihu a aƙidarsu. Mafi yawan Kiristocin Masar suka ƙi hukuncin taron, suka bi shugabansu Diyoskoros. Su ne Kibɗawan yau. 'Yan kaɗan suka tsaya tare da sarkin Rum, aka riƙa kiransu Malkiyya. Rabuwar ta bar alama a cikin ganuwar Babila har gobe. Gine-gine uku ne a wurin da sunan Mar Girgis: babban coci mai da'ira na Girkawa, magadan Malkiyya, wanda ke zaune a kan hasumiyar arewa, cocin Kibɗawa da ke can cikin lungu, sai gidan matan. Baƙi da yawa sukan rikita su, haka ma wasu marubuta.

Amru bin As ya shiga Masar a ƙarshen 639. Ya tsare Babila wajen wata bakwai, sansanin ya miƙa wuya a watan Afrilu na 641, daidai da shekara ta 20 bayan Hijira. A arewacin katangar ya kafa Fusɗaɗ, ya gina masallacinsa, wanda tafiyar 'yan mintoci ce daga ƙofar gidan matan. Tun daga nan tsohon sansanin ya daina zama barikin soja, ya koma unguwar Kiristoci da Yahudawa a tsakiyar birnin Musulmi. A shari'a, matsayin irin waɗannan mata a fili yake. Jiziya a kan maza baligai take, ba ta hau kan mace. Muwaɗɗa ta Imam Malik ta kawo wasiyyar Halifa Abubakar ga kwamandansa da zai tafi Sham, inda ya umarce shi ya ƙyale mutanen da suka tsare kansu a wuraren ibada. Amma abin da ke littafi daban, abin da gwamna mai neman kuɗi zai yi daban. A zamanin Abdul'aziz bin Marwan, wanda ya riƙe Masar daga 685 zuwa 705, an ƙidaya 'yan zuhudu maza aka ɗora wa kowa dinari ɗaya. A wannan zamanin ne kuma babban magatakardansa, wani attajiri Kirista mai suna Atanasiyus mutumin Ruha, ya gina cocin Mar Girgis a cikin ganuwar. Sauƙi da tsanani tare suke tafiya a wannan tarihi, wani lokaci a hannun mutum ɗaya.

Akwai wani labari daga 750 da Kibɗawa ba su manta ba, kuma marubucin tarihi Maƙrizi ma ya kawo shi. Marwan na biyu, halifan Umayyawa na ƙarshe, ya gudo Masar Abbasiyawa na binsa, sojojinsa suka afka wa wani gidan zuhudun mata a kudu suka kwashe mazaunansa. Ɗaya daga cikinsu, budurwa kyakkyawa, ta ce tana da wani mai da kakanninta ke shafawa, wanda ƙarfe ba ya cin duk wanda ya shafa shi, irin abin da 'yan tauri ke tutiya da shi. Ta shafa a wuyanta, ta ce a gwada da takobi mafi kaifi. Aka sara, kai ya faɗi. Sai a lokacin suka gane mutuwa ta zaɓa a kan a keta mata mutunci. Labarin ya nuna halin da gidan mata yake ciki a ƙauye in tsaro ya lalace. Cikin ƙarnonin da suka biyo baya, manyan gidajen kudu masu ɗaruruwan mata suka yi ta raguwa har suka shuɗe.

Mafi tsufan abin da ido ke gani a gidan Mar Girgis ya komo ne ga zamanin Faɗimawa, waɗanda kwamandansu Jauhar ya kafa birnin Alƙahira a 969, arewa da Fusɗaɗ. In an ratsa tsakar gida aka sauka wasu 'yan matakala, sai a shiga wani dogon zaure mai rufin katako can sama. A bangonsa akwai ƙyaure mai ganye biyu, tsawonsa ya haura mita bakwai. An ƙawata shi da ƙananan allunan katako 66, kowanne da sassaƙen dabba ko tsuntsu ko ganye masu sarƙe da juna. Salon sassaƙar ɗaya ne da na allunan da aka samo daga fadar Faɗimawa ta yamma, waɗanda ke gidan adana kayan fasahar Musulunci na Alƙahira, ɗaya ne kuma da na shingen katako na cocin Barbara da ke maƙwabtaka. Masassaƙan da suka yi wa halifa aiki da waɗanda suka yi wa coci, makaranta ɗaya suka fito. Masana gine-gine suna ganin zauren kansa ba don ibada aka fara gina shi ba. Fasalinsa na ɗakin baƙi ne na gidan wani mai hali, wanda daga baya ya koma hannun matan. Wannan ya dace da yanayin lokacin, domin malaman fiƙihu sun hana gina sabon coci a garin da Musulmi suka kafa, kuma ko gyaran tsoho sai da izini. Gidan da ya yi kama da gidan zama bai cika jan ido ba. Babu shakka rashin ƙubba da hasumiya yana cikin abubuwan da suka raya wannan gida.

Faɗimawa sun ɗauki Kibɗawa aiki a ofisoshin haraji da na kuɗi, kuma a zamanin Halifa Mu'izzu shugaban cocin, Abram bin Zur'a, wanda ya riƙe kujerar daga 975 zuwa 978, ya samu izinin gyara cocin Mu'allaƙa da na Abu Saifaini. Sai Hakim bi Amrillah ya hau a 996 ya juya al'amarin: ya rushe majami'u da yawa, har da babban cocin Ƙudus a 1009, ya ƙwace dukiyoyinsu, ko da yake a ƙarshen mulkinsa ya bari an sake gina wasu. Bayansa, Kiristodulos, wanda ya shugabanci cocin daga 1047 zuwa 1077, ya ɗauke mazauninsa daga Iskandariya ya dawo Mu'allaƙa, a cikin wannan ganuwa ta Babila. Wannan mataki ya shafi matan kai tsaye. A wurare da dama da kujerar shugaban cocin, wato Fafaroman Kibɗawa, ta zauna a Alƙahira, za a tarar da gidan zuhudun mata a gefenta: a Ƙasrush Sham'i, a Abu Saifaini, a Haratu Zuwaila inda ta koma a farkon ƙarni na 14, da Haratur Rum inda ta koma a 1660. A inuwarsa suke fakewa, kuma shi ke naɗa musu shugaba.

A 1168 waziri Shawar ya sa aka cinna wa Fusɗaɗ wuta don kada ta faɗa hannun Amalrik, sarkin 'yan Salibiyya na Ƙudus. Maƙrizi ya ce kwana 54 wutar tana ci. Cocin Abu Saifaini, wanda ke wajen ganuwar, ya ƙone, sai bayan 'yan shekaru aka sake gina shi. Katangar Rumawa ta tsare mafi yawan abin da ke cikinta. Fusɗaɗ ta ɗan farfaɗo a bakin kogi a zamanin Ayyubawa, kuma a nan ne mutanen Kanem suka ba da kuɗin gina makarantar Ibn Rashiƙ ta Malikiyya wajen 1240 da 'yan kai, inda ɗalibai da alhazan ƙasar Barno ke sauka. Ashe kakannin mutanen yankin Tafkin Chadi sun yi zaman gari ɗaya da waɗannan mata. A daidai wannan lokaci, a 1238, malamin Kibɗawa Safi bin Assal ya tattara dokokin cocin da Larabci, ya ware babi a kan 'yan zuhudu maza da mata. Rubuta shi da Larabci ba abin mamaki ba ne. Tun farkon ƙarni na 8 aka mayar da aikin ofis zuwa Larabci, kuma zuwa ƙarni na 12 harshen Kibɗanci ya fara komawa na addu'a kawai.

Zamanin Mamlukawa, daga 1250 zuwa 1517, shi ne mafi wuya. Yaƙe-yaƙen Salibiyya sun bar zargi a zukata, kuma talakawan da haraji ya gallaba suna ganin magatakardan Kibɗawa ne ke karɓa. A 1301 aka rufe majami'u aka tilasta wa Kiristoci naɗa shuɗin rawani. A wata Juma'a ta 1321, shekara ta 721 bayan Hijira, a zamanin Sarki Nasir Muhammadu bin Ƙalawun, tarzoma ta ɓarke daga cocin Zuhri, wanda aikin haƙar wani tafki na sarki ya zagaye shi har ya bar shi a tsaye shi kaɗai. Ana cikin sallar Juma'a wasu gungun mutane suka rushe shi, daga nan abin ya bazu. Maƙrizi ya ba da labarin wani coci a unguwar Hamra, tsakanin Alƙahira da Fusɗaɗ, wanda ake kira cocin 'yan mata: an fasa ƙofofinsa, an kama 'yan matan da ke zaune a ciki, su fiye da sittin, an tuɓe musu tufafi, an wawashe kayan wurin an sa masa wuta. Sarki ya fusata, ya aika mahaya suka tarwatsa taron da ya kewaye Mu'allaƙa. Majami'u fiye da hamsin ne suka salwanta a faɗin ƙasar. Wannan aiki zalunci ne tsagwaronsa, ya kuma saɓa wa amanar da shari'a ta ba waɗannan mutane. Annoba ta zo a 1347 ta yi wa ƙasar kaca-kaca, sannan a 1354 hukuma ta ƙwace fadan 25,000 na gonakin da aka yi wa majami'u da gidajen zuhudu waƙafi. Daga wannan lokaci Kibɗawa suka zama 'yan tsiraru sosai.

Abin lura shi ne, mutumin da ya fi adana sunayen gidajen matan Musulmi ne. Taƙiyyuddin Maƙrizi, wanda aka haifa a 1364 ya rasu a 1442, ya bi unguwannin Masar ɗaya bayan ɗaya a littafinsa da aka fi sani da Khiɗaɗ, ya lissafa gidajen zuhudu 86 a ƙasar baki ɗaya. Na mata 'yan kaɗan ne, kuma duk a babban birni: ɗaya a Haratu Zuwaila, ɗaya a Haratur Rum, ɗaya a Mu'allaƙa wanda ya ce shi ya fi shahara, ɗaya kusa da cocin Barbara, sai Dairul Banat a Ƙasrush Sham'i mai sunan Bu Jurj. Game da wannan na ƙarshe ya ƙara da cewa kafin Musulunci wurin auna cikar Nilu ne, kuma alamun hakan suna nan a zamaninsa. Gidan Kibɗawa yana ɗaukar wannan a matsayin ambatonsa. Wasu masana kuma suna ganin gidan Malkiyya da ke kan hasumiya yake nufi, wanda shi ma mata sun taɓa zama a cikinsa. Ko wanne ne, maganar ta tabbatar da cewa a farkon ƙarni na 15 akwai mata masu zaman zuhudu da sunan Mar Girgis a cikin wannan ganuwa. Na Mu'allaƙa da na Barbara sun shuɗe. Su kansu matan ba su bar littattafan tarihi ba. Maza ne suka riƙe alƙalami, kuma ba su cika waiwayarsu ba sai in wata masifa ta auku.

A ƙarƙashin Turkawan Usmaniyya, daga 1517, gidan ya rayu da taimakon manyan Kibɗawa masu aikin kuɗi a gidajen sarakuna. Sukan yi waƙafin gida ko shago ko gona, su rubuta a kotun shari'a. Da yake alƙalai ba sa inganta waƙafi ga coci kai tsaye, sai a rubuta shi da sunan matalautan da ke zaune a gidan zuhudun da masu sauka a cikinsa. Ba dabara ce kawai ba, domin a wannan zamani gidajen matan sun koma mafakar zawarawa, marayu, makafi da tsofaffin da ba su da mai riƙe su, tare da masu zuhudun gaske. Fitacce a cikin masu wannan alheri shi ne Mu'allim Ibrahim Jauhari, babban magatakarda a zamanin Ibrahim Bey, ɗaya daga cikin masu riƙe da Masar a lokacin, wanda ya kashe dukiya mai yawa wajen gyaran majami'u da gidajen zuhudu. Ya rasu a 1795, Jabarti ya yabe shi a tarihinsa, kuma kabarinsa yana gefen cocin Mar Girgis na Kibɗawa, 'yan taku kaɗan daga gidan matan.

Abu na biyu da ya riƙe gidan shi ne masu ziyara. Bayan dogon ƙyauren nan akwai ɗan ɗaki mai hoton Mar Girgis a kan doki yana soke maciji da mashi, inda ake tuɓe takalmi kafin a shiga. A bango an ɗaure wata sarƙar ƙarfe mai tsawon kusan mita huɗu, da ƙawanya a bakinta. Kibɗawa suna danganta ta da sarƙoƙin da aka ɗaure shahidin da su. Mai ziyara yakan sa ƙawanyar a wuya, ya naɗe sarƙar a jikinsa, ya sumbace ta, ya yi addu'a, sannan a kwance shi. Mata sun fi yawa a masu zuwa, wasu da ciwon da ya ƙi jin magani, wasu da ɗa ko 'ya da ake zaton iska ta taɓa, kuma akan ga Musulmi a cikinsu. Al'adar ba ta tsaya ga Masar ba. A ƙauyen Khadir kusa da Baitalami an daɗe ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a cocin wannan waliyyi. Otto Meinardus, Bajamushen da ya shafe shekaru yana nazarin Kibɗawa, yana ganin daga Girkawa al'adar ta shigo. Kyandir da bakance da sadakar masu ziyara sun ciyar da gidan a shekarun da ba shi da wani abin dogaro.

A tsakiyar ƙarni na 19 gobara ta cinye cocin Mar Girgis na Kibɗawa, ba abin da ya tsira sai wani zauren ɗaurin aure na zamanin Mamlukawa. Cocin Girkawa ma ya ƙone a 1904, aka kammala sake gina shi a 1909. Gidan matan ya tsallake duka biyun. A 1884 Alfred Butler, Baturen Ingila, ya wallafa littafi mai juzu'i biyu a kan tsofaffin majami'un Kibɗawa, abin da ya jawo hankalin masana ga unguwar. Kwamitin kula da kayan tarihi da aka kafa a 1881 ya faɗaɗa aikinsa zuwa gine-ginen Kibɗawa, kuma a 1908 Markus Simaika ya kafa gidan tarihin Kibɗawa a cikin ganuwar.

Farfaɗowar zuhudun kansa daga cikin cocin ta taso. Habib Girgis ya tsara makarantun Lahadi a 1918, kuma daga ƙarshen shekarun 1940 matasan da suka tashi a cikinsu, masu digirin jami'a, suka fara shiga gidajen zuhudu na hamada. Ɗaya daga cikinsu shi ne ya zama Fafaroma Shanuda na uku a 1971. Wanda ya gabace shi, Kirillus na shida, wanda ya hau a 1959, shi ya mai da hankali ga gidajen mata. A 1962 ya naɗa wata matashiya 'yar garin Jirja, Uwa Irini, shugabar gidan Abu Saifaini tana da shekara ashirin da shida. Ta tarar kowace mace tana dafa nata, tana riƙe da 'yan kuɗinta, tana ibada yadda ta ga dama. Ta dawo da tsarin Bakhumiyos: tukunya ɗaya, asusu ɗaya, addu'a tare, aiki tare. Ta riƙe gidan har rasuwarta a 2006, ta kuma buɗe masa reshe mai gona a Sidi Kirair a gaɓar Bahar Rum. Wannan gyara ya shiga sauran gidajen Alƙahira, har da na Mar Girgis, waɗanda suka daina zama mafakar marasa galihu suka koma gidajen zuhudu zalla. Masu shiga yanzu galibi sun yi karatu mai zurfi, akwai likitoci da malaman makaranta da masu ilimin haɗa magunguna. Masu son hidimar jama'a a waje kuma suna da tasu hanyar, irin ƙungiyar Banatu Maryam da Bishop Atanasiyus ya kafa a Bani Suwaif a 1965.

Wadda ta nemi shiga takan yi shekaru ana gwada ta. Ranar da za a karɓe ta, takan kwanta a gaban bagade a lulluɓe ta da mayafi, a karanta mata addu'ar da ake yi wa mamaci, domin ta mutu ga duniya ke nan. Sai a yanke mata gashi, a sa mata baƙaƙen tufafi, a ba ta sabon suna na wata waliyya, daga ranar kuma ana kiranta Ummina, uwarmu. Yini yana farawa tun kafin asuba da doguwar waƙar yabo da Kibɗanci, sannan addu'o'in sa'o'i bakwai na littafin Ajbiya, waɗanda mafi yawansu Zabura ne, tare da sujada mai yawa da goshi a ƙasa. Azumi ya haura kwana 200 a shekara: 55 kafin Ista, 43 kafin Kirsimeti, 15 na Nana Maryamu a watan Agusta, uku na Annabi Yunusa, da Laraba da Juma'a a mafi yawan makonni. A azumin nasu akan kame baki zuwa wani lokaci na yini, sannan a ci abin da ba nama, ba madara, ba ƙwai. Tsakanin addu'o'i akwai aikin hannu: ɗinkin tufafin limamai, saƙa gicciye na fata, zanen hotunan waliyyai, da tarbar masu ziyara.

Barazanar da gidan ya fuskanta a ƙarshen ƙarni na 20 daga ƙasa ta ɓullo. Ruwan da ke tsiyaya daga bututu da magudanun unguwannin da suka cika da jama'a ya taru a ƙarƙashin tsofaffin gine-ginen, ya cika ɗakunan ƙasa, gishirinsa yana cin bango. Girgizar ƙasa ta 12 ga Oktoba 1992 ta ƙara tsattsaga su. Daga 2000 zuwa 2006 aka gudanar da aikin janye ruwan da tallafin Amurka, kuma ramukan da aka haƙa sun ba masu binciken kufai damar gano gindin katangar Rumawa da bakin hanyar ruwan Tarajan. Unguwar tana cikin Alƙahira mai tarihi da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 1979.

Yau tsofaffin gidajen zuhudun mata na Kibɗawa biyar ne a Alƙahira: Mar Girgis da Abu Saifaini a Misrul Ƙadima, Amir Tadrus a Haratur Rum, sai na Nana Maryamu da wani Mar Girgis ɗin a Haratu Zuwaila. A gidan Misrul Ƙadima, ɗakunan matan a rufe suke ga baƙi, amma zaure da ɗakin sarƙa a buɗe suke ga kowa. Babban bikin gidan shi ne ranar shahadar Mar Girgis, 23 ga watan Baramuda na Kibɗawa, wadda ke faɗawa 1 ga Mayu.